Laka a Hannun Tofajjal

A tsibirinmu na Monpura ba dutse. Ka yi ta haƙa har ƙarfinka ya ƙare, laka kawai za ka samu. Shi ya sa dutsen anka, wanda ake jefawa ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi, abin gado ne a wurinmu. Daga tuddan Chattogram ake kawo shi, a ɗaure shi da igiyar ɓawon kwakwa a tsakiyar itace mai ƙafafu, uba ya mutu ya bar wa ɗa. Idan anka ta maƙale a ƙasan kogi, ba mai yanke igiya ya bar dutsen ubansa a ruwa. Sai dai a tura mutum ya sauka, kuma a jirginmu Tofajjal ne mutumin.

Ni mai girki ne a jirgin kamun kifi na Belayet, wanda muke kira Majhi kamar kowane shugaban jirgi. Da furfurarsa na tarar da Tofajjal a ciki, tun zamanin uban Belayet yake nan. Ba ya jan taru, ba ya tuƙi. Ƙasan kogin Meghna cike yake da ƙauyukan da ruwa ya ci, kututturan mangwaro da ginshiƙan gidaje, a nan anka take shiga ta ƙi fitowa. Sai ya ɗiga mai a kunne, ya yi bismillah, ya bi igiya cikin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani. In ya fito, laka har cikin gemunsa. Nutson nan shi ya cinye masa kunnuwa, sai ka matso ka yi masa ihu a fuska kafin ya ji. Kasonsa na kifin ilish daidai yake da na masu jan taru, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Da shi yake riƙe da matarsa Joygun, wadda idanunta suka mutu tuni.

Shekarar da Belayet ya sa wa jirgin inji, ya dawo daga garin Bhola da ankar ƙarfe mai farata huɗu. Wayon abin shi ne siririyar igiya ta biyu da aka ɗaura ta wajen faratan, da jarka a bakinta tana yawo a kan ruwa. In anka ta maƙale, sai a ja siririyar, ta fito ta baya salin-alin. Tsohon dutsen kuwa Belayet ya kai wa matarsa, tana niƙa barkono a kai. Tofajjal ya zagaya ankar, ya ƙwanƙwasa ta, ya ce ƙarfe bai san halin laka ba. Amma na ga fuskarsa, ya gane abin da ya shigo jirgin.

Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Da zarar igiya ta ɗan yi tauri, kafin wani ya kai hannu ga siririyar, shi ya riga ya faɗa ruwa. Ya daɗe, ya fito yana haki, ya ce ya zare ta. Belayet ba ya son a ce ya kori mutumin ubansa ba dalili, sai ya zuba ido. Masu jan taru kuwa suka fara gunaguni, su ke shan rana da ruwa, tsoho yana wanka ana raba kifi da shi. Sekandar, babban mai baki a cikinsu, shi ya lura gemun tsohon ya daina fitowa da laka. Wata rana ya leƙa ta bayan jirgi, ya ga yatsu riƙe da katako, da hanci a saman ruwa. Numfashin Tofajjal ya ƙare, ba ya iya kai ƙasa, ɓuya yake yi a gindin jirgi.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau, a gabansa suka shirya abin. Muna cin jiƙaƙƙiyar shinkafa da barkono da tsakar rana, Sekandar yana faɗar yadda za a yi da babbar murya, Belayet yana taunar ganyen pan, mai rina yawu ja kamar goro, yana gyaɗa kai. Da suka fashe da dariya, Tofajjal ya ɗaga kai ya taya su, har da miƙa wa Sekandar albasarsa. Na ce wa Majhi ya sallami tsohon a ɓoye mana, in dai sallama ce. Ya ce in kula da tukunyata.

Da tsohon ya kishingiɗa, ruwa ya tsaya cak tsakanin cika da janyewa, suka ɗago ankar daga ƙasa suka bar ta tana lilo kaɗan a ƙarƙashin ruwa, suka ɗaure igiyar tamau. Suka yafito jiragen da ke kusa. Sannan suka kama igiya suna nishin ƙarya. Sekandar ya taɓa Tofajjal da ƙafa, ya sa baki a kunnensa.

"Baffa, tashi, ankar nan, amaryar Majhi, ta ƙi fitowa. Sai kai."

Ya ɗiga mansa, ya yi bismillah, ya faɗa ta gefe. Mutane sun cika bakin jiragensu. Da ya fito ya kama gefen jirgi, sai da ya gama hakinsa tukuna.

"Kututturen mangwaro ne, Majhi, babba. Ta shige tsakanin saiwoyi. Na zare ta, ku ja."

Sekandar shi kaɗai ya ja da hannu ɗaya. Ankar ta fito tana ƙyalli, ko ɗigon laka babu. Dariyar da aka yi ranar, kurma ma ya ji ta. Wani daga jirgin maƙwabta yana tambaya ko mangwaron ya nuna, a tsinko masa. Tofajjal yana cikin ruwa har wuya, yana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Da ya tashi kuka ko zagi, da abin ya tsaya nan. Sai ya ce a saki ankar har ƙasa, zai sauka ya kawo laka a hannunsa kowa ya gani. Belayet ya tofar da jan yawu a ruwa, ya sunkuya ya ɗaga murya.

"To, Baffa. Ka kawo laka, kasonka yana nan. Ka fito hannu wofi, a bakin gaɓa za ka kwana."

Aka saki anka. Wannan karon ya kama igiyar ya bi ta, muna ganin tana rawa yana sauka. Dariya ta mutu. Ruwa ya fara janyewa, jarkar siririyar igiya ta karkata. Na fara salati a raina, na tabbata Joygun ta zama gwauruwa.

Ya fito. Jini ta hanci, jini ta kunne, ido ya yi ja wur, hannun dama a dunƙule ya ɗaga shi sama. Muka jawo shi ya zube a kan taru. Ya rarrafa har gaban Belayet, yana murmushi, ya buɗe hannun. Ba kome a ciki. Ruwa ya wanke lakar a hanyar hawowa.

Na kama hannun na nuna wa Majhi ƙarƙashin faratan, ga baƙar lakar ƙasa nan cunkushe, irin wadda ba a samu sai a can. Na rantse masa mutumin nan ya kai. Belayet ya duba, ya ce kowane talaka da datti a farcensa, ya sa aka tayar da inji.

Da la'asar muka sauke shi a gaɓa da ƙunshin kayansa. Bai ji abin da Majhi ya faɗa ba, kuma ɗan jin da ya rage masa a ƙasan kogin ya baro shi. Yana tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, yana tambayata da ƙarfi yaushe za mu fita gobe, ko ya zo tun da asuba. Na yi masa ihu a fuska cewa an sallame shi, na sake yi. Ya gyaɗa kai, ya ce to, da asuba.