Murhun Ƙarfen da Na Ƙi Fitarwa

Da muka tare a gidanmu na Levenshulme, mun tarar da wani tsohon murhun ƙarfe a kicin, duk ya yi tsatsa, ga nauyin tsiya. Yayar mijina ta zo daga Birmingham ganin gida, ta leƙa ta taɓe baki.

"Ki kira council su kwashe wannan tarkacen. Mun baro murhu a Kano, ke kuma ki zo Ingila ki rungumi wani?"

Na ce, "Yaya, ba inda za shi."

Na nemo wani dattijon Bature ya warware shi gunduwa-gunduwa. Ya kankare tsatsar, ya sabunta abin da ke riƙe zafi a cikinsa, ƙofofin kuma aka kai su aka sake musu fenti. Duk tsawon gyaran maigida yana ta mita, ko kallonsa ban yi ba.

Dattijon ya ce ba a rage masa wuta. Ƙarfen ne ke shan zafi ya riƙe, in ana son wuta kaɗan sai a ja tukunya zuwa ɗaya faifan. Dariya ta kama ni, don haka kakata ke jan tukunyar tuwo gefen garwashi ya sulala.

Yanzu in Yaya ta zo lokacin sanyi, kafin ta cire mayafi ta jingina da shi. Ina kallonta. Tuwo kam zan zuba mata har ta ƙoshi, amma kujerar da ke jikin murhun tawa ce, kuma ba na tashi.