Ranar da Inna Tsintsiya ta hau kujerar Oga

Shekara goma sha tara Inna Tsintsiya tana share gidan rediyon nan. Ita ke buɗe ƙofa, ita ke korar ƙadangaru daga bayan janareto, kuma idan jar fitilar ɗakin watsa shiri ta kama, ko atishawa ce ta taso mata sai ta haɗiye abarta. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a takarda, gidan nata ne.

Ga yadda aka yi. Doka ta hana mutum ɗaya mallakar tashar rediyo fiye da biyu, Oga kuwa, ainihin mai gidan, uku yake so. Sai ya kira Inna wata rana ya ce ta dangwala yatsa a nan da nan. Ta dangwala, ta goge tawadar a zaninta, ta koma shararta.

Kwatsam gwamnati ta ce za ta sake duba dokar, ta turo kwamiti ya gana da masu tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Tirƙashi! In suka gane Inna mai shara ce, lasisi ya tafi, ita da ma'aikata goma sha huɗu sun koma gida zaman kashe wando.

Aka sayo mata leshi da tabarau marar magani don ta fito kamar mai tasha. Mai karanta labarai ta kwana uku tana koya mata zama a kujera mai juyawa, Inna tana wulwulawa tana ƙyalƙyala dariya har da hawaye. Oga da kansa ya sa tsohuwar riga, wai shi ne masinjanta.

Ranar ta zo. Shugabar kwamitin, wata doguwa marar fara'a, ta fara jero tambayoyi. Kai, ashe Inna ta fi Oga sanin gidan! Ta faɗi wayar da ke ƙara idan an yi ruwa, da shirin da masu sauraro suka fi bugo waya, da mai gabatarwar da kullum sai ya makara. Sai rubutu suke suna gyaɗa kai.

Can wani ɗan kwamiti ya ɗaga kofin shayinsa, gindin kofin ya bar zobe a kan teburin gilashi. Inna ta kalli zoben. Ta kau da kai. Ta sake kallo. Ina, hannun shekara goma sha tara ba ya jin magana! Kafin ta ankara ta zaro tsumma daga cikin leshin nan mai tsada, ta hura wa gilashin iska, ta murje shi tas.

Inna ta ga abincin mutum goma sha biyar yana zubewa a hannunta. Shugabar ta sauke biro tana kallon tsumman.

Sai Inna ta juya ta wurga wa Oga shi a ƙirji.

"Kai, sau nawa zan nuna maka yadda ake goge tebur? Zo ka ƙarasa!"

Oga ya zo, gumi na tsiyaya. "To, ranki ya daɗe."

"Har ƙafafun."

Ya durƙusa ya goge har ƙafafun. Shugabar ta yi murmushinta na farko, ta ce da kowane mai tasha zai kula da gidansa haka da an huta. Da za su fita ta ƙara da cewa, har a gama nazarin, shekara biyu ko fiye, an hana kowane lasisi sauya hannu. Wato Oga ba shi da halin karɓe gidan daga hannun Inna.

Motarsu na ficewa ma'aikata suka ɓarke da shewa, Inna ta zube a kujera tana juyi tana dariya.

Washegari ta zo da tsintsiyarta kamar kullum, ta tura ƙofar ofis. Ta tarar Oga ya riga ta zuwa, tsumma a hannu. Ta shafa teburin da yatsa, ta duba, ta nuna masa lungun da ya tsallake.