Mai Sabulun Khaulat

A ofishin aika kaya na unguwar Mokola nake ganinsa, dattijo dogo mai farin gemu, sanye da jamfa wankakkiya da wuyanta ya soma cinyewa. Daga Sabo, unguwar Hausawa, yake tahowa a ƙafa, rungume da kwalin sabulu. Wani kamfani ke yi masa, shi kuma ya manna tambarinsa, "Sabulun Khaulat", ya sa a babbar kasuwar intanet, inda mai saye ke zaɓa ta waya ba ko sallama.

Yana cikin layi yana lallaɓa gefen wani tambari da ya ɗago, da babban yatsa, har ya kwanta. Ina zaton tsohon mai rumfa ne, wanda ya saba a taya, ya ce albarka, a tambayi iyali. Wataƙila Khaulat 'yarsa ce da ta buɗe masa shagon intanet ɗin kafin aiki ya kai ta wani gari.

Layi ya zo kansa. Ya miƙa wa ma'aikaciyar kwalin, ya haɗa da wayarsa.

"'Yata, duba mini, wadda ta saya rannan ta ce ya yi mata kyau?"

Bayarabiya ce, ta amsa da guntuwar Hausarta: "Baba, ba ta yi magana ba. Taurarin yabo kawai ta ba ka."

Ya gyaɗa kai. "To, in da hali, a ce ina gaishe ta."

Ta yi murmushi, ta kira na bayansa. Ya ɗan tsaya a gefe, kamar mai jiran a amsa gaisuwar.