Tsagar da ke Jikin Azara

Ranar wata Litinin cikin azumin 2004 aka ba ni tsani da tsumma a wani masauki da ke gefen garin Wendover, nan ƙasar Turawa, aka ce in goge katakan ɗakin cin abinci. Baƙaƙen itatuwa ne masu kauri a gicciye jikin farin bango. Hajiya Rabi, 'yar Kumasi da ta samo mini aikin, ta ce daga wani tsohon masaukin Ingila aka kwanto su. Babu ƙusa ko ɗaya: an huda wannan, an zura wancan, an buga fegin itace. Da na hau sai na ga tsaga uku a bakin wani katako, uku a bakin wanda ya shige shi. Na yi tsaye, har Hajiya Rabi ta ɗago kai daga ƙasa.

"Anti Habsu, a sama za ki sha ruwa? Karce ne, goge ki sauko!"

Ba karce ba ne. Rubutu ne, kuma shi kaɗai na iya karantawa a duniya. Ko wannan da kuke gani, faɗa na yi aka rubuta.

Babana magini ne a wani gari gabas da Maraɗi. Idan aka faskare giginya a fadama, nan yake gwada azara da 'yar'uwarta, ya tsaga musu alama iri ɗaya da gizago, don in jakuna sun kawo su a hargitse kowace ta nemi abokiyar kwanciyarta a rufi. Wana Isufu yake koya wa, shi kuwa hankalinsa na lakwal, wato makarantar boko, da ƙwallon tsumma. Ni aikina ɗiban ruwan kwaɓi. Tulu ke nan daga rijiya zuwa ramin ƙasa tun hantsi, in tattaka ciyawa cikin laka har ƙafata ta tsattsage, in jera tubali a rana. Sa'annina na gaɗa a dandali, ni ina bayan tarin azara ina bin tsaga da yatsa. Babu wanda ya nuna mini. Da ido na sata.

Shekarar da aka ba Baba ginin masaukin fatake a bakin kasuwa ina da shekara tara. Ranar ɗora rufin zaure mai gari ya zo da mutanensa, Inna ta aiko ni da fura. Ina ajiye ƙwarya na ɗaga kai, na ga Isufu ya miƙa azara mai tsaga biyu da gicciye an kwantar da ita gefen mai biyu zalla. Ta gaza da kusan taƙi, da ƙyar ta taɓa bango. Bakina ya riga ni: "Baba, waccan ba tata ba ce."

Maza suka yi dariya. Mai gari ya ce wa Baba, "Ashe Tanko, magajinka ɗankwali yake ɗaurawa?"

Baba bai ko dubi rufin ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ki? Wuce gun turmi." Washegari da na bi ta kasuwa na ga an sauya azarar. Bai taɓa ɗaga zancen ba, ni kuma ban sake taka wurin gini ba, har tulun ya hana ni. Wai tun daga ranar aka daina kiran Isufu da sunansa, sai dai "wan magajiya", ya tsani aikin, ya tafi Yamai tuƙin mota. Baba ya gwammace ya shiga kabari da abin da ya sani da ya bar wa 'ya mace. Damina huɗu bayansa zauren ya rufta, don ba a sami mai gyara ba. Yanzu kwano ne a wurin, mai gasa mutum da rana.

A nan kwana kaɗan ake yi a tsayar da gida, ana harba ƙusa da bindiga. Jikokina in na fara zancen azara sai su amsa da Turanci, idonsu a talabijin. Alamomin Baba goma sha ɗaya ne. Bana na lissafa, tara suka zo mini, kuma babu wanda zan tambaya.