Rigar Auta a Ƙugiyar Ƙarshe

Da zarar sanyi ya kama, aka fara rataya fitilu a bishiyoyin tsakiyar gari, ita ce ta farko da ke isa zauren taro bayan maigadi. Za ka hango ta tafe a bakin titi tana ɗan jan ƙafar hagu, tururi na fita daga bakinta, riƙe da tsohuwar jakar da ba ta rabo da ita. Ba ta bi ta babbar ƙofa. Ta gefe take shiga, ta wuce ɗakin tikiti, ta faɗa ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakala, inda 'yan kallo ke ajiye rigunansu na sanyi. Sai ta kunna fitila, ta goge kantar ajiyar riguna, ta bi ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya ta ga kowace da ɗan ƙarfen lambarta. In ta kai ta ƙarshe, ta jikin bango, sai ta tsaya. Wannan ba ta da lamba, kuma riga ɗaya tak ake rataya mata. Za ta sauke baƙin kwat ɗin da ke kai, ta bi shi da buroshi tun daga wuya har ƙasa, ta mayar. Sannan ta zauna jiran mutane.

Uwar Riguna muke ce mata. Ni dai Inna nake kiran ta, ita kuma "ɗan nan mai rubutu" take ce mini, ko da yake furfura ta fara cin gemuna.

Wanda bai san garin nan ba zai ɗauka sanyi kulle mu yake yi a gida. Ina! Lokacin ne ma zaure ke raye. Yau wasan kwaikwayo, gobe baje kolin zane, jibi 'yan makaranta su zo su yi waƙa iyaye na share hawaye ko da an karya murya. Ranar hutu masu saƙa da masu sassaƙa su cika farfajiya da kayansu. Mu kuma masu karanta waƙe a ba mu ƙaramin ɗaki mu yi ta yi wa juna tafi, tun da ba wanda zai yi mana. Duk wannan taron, ta gaban kantar Inna yake bi. Ka miƙa rigarka, ta miƙa maka lamba, ka wuce.

Abin da mutane suka daɗe ba su gane ba shi ne abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar kallo. Ita ba ta shiga. Tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin wasa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, ta bango take jin dariya da tafi. Da ta ji an yi tsit sai ta buɗe jakar nan ta fito da allura da zare da gwangwanin maɓallai, ta bi rigunan jama'a. Maɓallin da ke lilo ta ɗaure shi. Aljihun da ya huje ta toshe. Shafin da ya ɓarke ta kama shi da ɗinki ƙanana, ta mayar da riga inda take, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Mai ɗaukar hoton da ke da shago a gaban zauren ya ba ni labari cewa ya yi wata guda yana yi wa matarsa godiya kan gyaran aljihunsa, ita kuma tana karɓa ba kunya. Sai ranar da suka yi faɗa ta ce masa, "Ni ko allura ban taɓa ba, ka je ka nemi mai yi maka." Wata malamar makaranta kuma ta ce ta shiga kallo da zif a karye, ta fito ta tarar yana tafiya kamar sabo. Da ta tsare Inna da tambaya sai ta ce, "'Yar nan, ni ajiya aka ba ni. Ai ba na mayar miki da ita da ciwo ba."

Ke ce mai ganin abin da muke ɓoyewa, Inna. Mukan shigo da fara'a da turare, amma riga ba ta iya ƙarya. Kin san wanda hannun rigarsa ya lalace don ba shi da ta canji. Kin san wanda matarsa ta rasu, domin tun daga ranar babu mai duba masa wuyan riga. Ba ki taɓa kai maganar kowa gaba ba, ko ga Mai Shara, ƙawarki, wadda ke rantsuwa cewa ciki gare ki kamar rijiya.

Ni ta hanyar ruwan sama na san labarin baƙin kwat. Wata rana da yamma na taho karatun waƙe ruwa ya yi mini dukan kawo wuƙa, na iso ina kaɗuwa, rigata na ɗiga. Da aka tashi ba ta bushe ba. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ta sauko da kwat ɗin ƙugiyar ƙarshe.

"Sa wannan ka kai kanka gida. Gobe ka dawo da ita, mai ita zai iya zuwa."

Na sa, ta zauna mini daram, sai ƙamshin kafur. Na ga Inna ta ƙura wa kafaɗuna ido. Washegari da na mayar, ta tambaye ni shekarar da aka haife ni. Na faɗa mata. Ta ce, "Ashe tsararsa ne kai."

Autanta take nufi. A zauren nan ya girma, yana ɗauke kujeru yana taya masu fitila. Da ya zama saurayi sai ya ce garin ya yi masa kaɗan, zai tafi neman abin kansa a wata ƙasa. A ƙarshen sanyi ya tafi. Ranar tafiyar ya biyo ta wurin aikinta da jakarsa, ya cire kwat ɗinsa ya ɗora a kan kantar yana dariya, kamar kowane ɗan kallo.

"Ajiya na kawo, Inna. Can an ce zafi ake yi. A ba ni lambata."

Ta rataya a ƙugiyar ƙarshe, ta cire lambar ta danƙa masa. Ya jefa a aljihu ya ce, "In sanyi ya dawo zan zo in karɓa."

Da fari yana kira. A lokacin ba su da waya a gida, ta ɗakin tikiti yake bugowa, a ƙwala mata kira ta taho da gudu. Daga baya kiran ya ja baya, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Aka yi cigiya har aka gaji. Gidan hayar da suke ciki aka rushe shi aka gina shaguna, maƙwabta suka watse. Wayar ɗakin tikitin ma aka cire ta. Wuri ɗaya ya rage a duniya da Auta ya sani zai iya samun mahaifiyarsa, shi ne wannan lungu na ƙarƙashin matakala. Shi ya sa gwiwa ta yi ta ciwo, babbar 'yarta ta yi ta roƙo ta koma wurinta a wani gari, ita kuwa ta kafe.

Ba ta kulle rigar a akwati ba. Ta ce riga in ba a sa ta mutuwa take yi. Rabin garin nan ya taɓa shiga cikinta: mai kaɗa ganga da aka sace wa tasa a mota, tsohon da ya manta inda ya ajiye tasa, wata baƙuwa mai zane da ta zo daga ƙasa mai zafi ba ta san abin da ke jiran ta ba. Sharaɗi ɗaya ne, a dawo da ita washegari. Ba a taɓa samun wanda ya saɓa ba.

Ni kuwa tun daga ranar ruwan nan na samu aikin da ban nema ba. Duk farkon sanyi, ranar da aka buɗe zaure, sai ta yafito ni.

"Zo nan, ɗan nan. Miƙe hannu."

Ta sa mini kwat ɗin, ta ja nan, ta taɓa can, da allurai a bakinta. In maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa sai ta yi tsaki.

"Kai dai ba ka san ƙoshi ba. To, shi ma haka zai yi, ubansa da ya kai shekarunku sai da ya ajiye tumbi."

Sai ta farke ɗinkin gefe ta saki kaɗan. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ji ta. Ni ina ƙiba, rigar Auta na ƙara faɗi. Mai Shara takan jingina da tsintsiyarta ta ce, "Ka rage ci, malam, kar ka ƙarar mana da yadi." Mu yi dariya mu duka uku. Amma ba na ɓoye muku, duk ranar gwajin nan da nauyin zuciya nake komawa gida. Hannun da take ɗorawa a kafaɗata ba tawa kafaɗar yake nema ba, na sani, ita ma ta san na sani.

Bana da na sa, maɓallin ya ƙi. Ta juya rigar ta duba ciki, ta bi ɗinkin da yatsa har ƙasa. Ta ce a hankali, "Babu sauran abin da zan saki." A makon ne likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara ɗaukar tsayuwa ba, 'yarta kuma ta zo da kanta ta ce wannan karon ba za ta koma ita kaɗai ba.

An yi mata taron sallama ranar hutu da rana, zaure ya cika har da na tsaye. Manaja, bawan Allah, da kyakkyawar niyya ya sa aka naɗe baƙin kwat a takarda mai ƙyalli, ya miƙa mata a kan dandamali don ta tafi da abinta. Ta karɓa, ta warware takardar a gaban kowa, ta kira Mai Shara, wadda ita za ta gaji kantar.

"Mai ajiya ba ya tafiya da ajiya, ranka ya daɗe. Lambar tana hannun mai ita." Ta juya ga ƙawarta. "Mayar da ita ƙugiyarta. Buroshi kullum, kafur in zafi ya shigo. Wanda ya zo ba riga ki ba shi aro. In shi ne ya zo, kar ki tambaye shi inda ya tsaya. Ki ce ya sa tukuna, ana sanyi."

Sai aka miƙa mata lasifika ta yi jawabi. Wannan ne hawanta na farko kan dandamalin da ta yi rayuwarta a bayan bangonsa. Mun zaci godiya za ta yi. Ta dubi jama'a, ta gyara tsayuwa a kan sandarta, ta ce:

"Ni ban iya jawabi ba. Kwatancen gidan 'yata zan yi muku, don Allah ku riƙe. Jirgin ƙasa na safe za a shiga, a sauka a tashar ƙarshe. A haye gada. Layi na biyu a hannun dama, akwai mai gyaran keke a baki. Ƙofa mai shuɗin fenti. Ban san wanda zai fara gamuwa da Auta a cikinku ba."

Ta maimaita, a hankali, kamar mai koya wa yara karatu. A karo na uku ba ita kaɗai ke faɗa ba. Maigadi na faɗa, manaja na faɗa, mai hoto da matarsa na faɗa, 'yan makaranta na faɗa da ƙarfi. 

Inna, Uwar Riguna, mun gode. Ke ce kika sallame mu cikin sanyi da ɗumi a jiki shekara da shekaru, alhali naki ɗumin yana can inda ba ki sani ba. Allah ya ba ƙafarki sauƙi, ya saka miki da alheri, ya kawo miki wanda kike jira kina da rai da lafiya. Mun yi kewarki tun ba a je ko'ina ba. Shekaranjiya na karɓi rigata na laluba aljihu na tarar da hujin na nan yadda na kawo shi, na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka yi wa rashi. Mai Shara ta ce in yi haƙuri, tana koyon zura zare a allura.

Ku kuma jama'a, abin da aka ba ku ajiya, riga ce ko ɗan mutum ko sirrinsa, ku mayar da shi fiye da yadda kuka karɓa, ba sai an sani ba. In kun zo kallo a sanyin nan ku ɗan tsaya a kantar ƙarƙashin matakala ku gaisa da mai karɓar riguna.

Kai kuma tsarana, in Allah ya sa wannan rubutu ya iske ka, ka laluba cikin tsofaffin kayanka, akwai wani ɗan ƙarfe mai lamba. In ma ya ɓata ka taho haka, ba wanda zai tambaye ka. Rigar za ta yi maka daidai, da jikina aka gwada. Daga nan jirgin safe ne, tashar ƙarshe, ka haye gada. Ƙofa mai shuɗin fenti.