Zaren Gejin Baba

A layin masu gyara babu wanda ke kiran mahaifina da sunansa. Mai Kunne suke ce masa. Inna takan ce da ana ba da hayar kunne da tuni mun yi arziki, amma ba girman kunnuwan ne ya jawo masa sunan ba. Idan aka kawo masa inji mai ciwo, ba ya saurin kwancewa. Sai ya ce a tayar, ya kafa bakin doguwar sukundireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Kafin mai abin ya gama kora bayani Baba ya riga ya faɗi inda ciwon yake. Shekara arba'in da 'yan kai yana wannan sana'a, daga babura zuwa injin ban ruwa, kuma tun muna yara muke jin yana cewa ranar da aikinsa ya dawo saboda laifin hannunsa, ranar zai rataye sifana.

Kullum da rana Inna takan kai masa abinci a kula. Ba ta ajiyewa ta juya. Akwai wani benci mai ƙafa ɗaya gajeruwa kusa da teburin aikinsa, nan take zama da ɗinkin hannunta har rana ta yi sanyi. Mai walda, maƙwabcinsa, da ya hango ta sai ya ce, "To, manaja ta iso, kowa ya shiga taitayinsa." Mu 'ya'yansu muna yi musu tsiya, muna cewa soyayyar tsufa ta fi ta ƙuruciya naci. Inna sai ta ce ai gadinsa take yi kada wata ta sace mata shi da baƙin mai da komai.

Ta yi jinyar wata bakwai, ta rasu. Baba bai yi kuka a gabanmu ba. Ya zauna ne kawai a kujerar tsakar gida, an ba shi abinci ya karɓa, an ɗauke kwanon bai tambaya ba. Ni ce babba, tela ce ni, sai na kwaso kekena na dawo gidan na zauna da shi. Ni ma a lokacin ba na jin komai. Ina yanka yadi, ina ɗinkawa, ina amsa gaisuwa, amma da za ka tsikare ni da allura ban tabbata zan ce wayyo ba.

Da aka yi sati shida bai leƙa gareji ba, sai na ce bari in gyara wurin ko zai ji sha'awar komawa. Ni mace ce da ba ta iya ganin datti ta ƙyale, halina ke nan, ba kuma yau aka fara zagina a kai ba. Na share, na wanke sifanu da kananzir, na jera su daga ƙarami zuwa babba. A cikin aljihun tebur na sami gejinsa, wani abu kamar wuƙar naɗewa mai siraran harsuna da yawa, wanda ake auna 'yar tazara da shi. A gindin wasu harsunan an ɗaure zare, duk ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Na sa almakashi na yanke, na goge gejin har yana ƙyalli. Da Baba ya zo ya ga wurin, ya daɗe a tsaye, ya ce, "Sannu da aiki, Uwata." Haka yake kirana.

A satin ne wani mai gona ya kawo babur ɗin nan mai taya huɗu da yake zagaya gonarsa da shi. Injin ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Baba ya karɓi aikin. Ya sauke injin, ya kai silinda aka gyara cikinta, ya sayo sabon fistin da ringi. Kwana tara yana kai. A kwanakin ne na ga ya cinye abincinsa, har ran nan ya ce gishiri ya yi yawa, na ji kamar an yi mini kyauta. Ranar da ya haɗa, injin ya tashi bugu ɗaya. Mai gona ya hau ya tafi yana ɗaga hannu.

Kwana uku aka dawo da babur ɗin a bayan motar kaya.

Ina wurin, na kawo abinci. Mai gona bai ɗaga murya ba, mutum ne mai kunya. Ya ce, "Baba, ina cikin hawan tudu na ji ƙas, sai ya tsaya cik. Ko motsi ya ƙi yi."

"Da mai a ciki?"

"Yadda ka zuba ban taɓa ba."

"To, je ka. In kayan ne zan faɗa maka, in kai ne zan faɗa maka. In kuwa hannuna ne, zan gyara maka, daga shi kuma na rufe garejin nan."

Ya faɗe ta kamar mai faɗin ƙarfe nawa. Ni na san idan aka rufe garejin nan kujerar tsakar gida zai koma, kuma ba na jin zai sake tashi daga kanta. Na zauna a bencin Inna ina roƙon Allah a zuciyata ya sa laifin na kowa ne ban da shi.

Ya shimfiɗa farin buhu a kan tebur, yadda ya saba, duk abin da ya kwance ya ajiye shi daga hagu zuwa dama. Ya tsiyaye baƙin man, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce mai ya isa, amma akwai garin ƙarfe a ciki. Ya shafa cikin matatar iska, babu yashi. Ya kwance fulogi, ya juya shi, ya kai shi kusa da fuskarsa, ya nisanta, sannan ya miƙo mini.

"Wane launi kike gani a bakinsa?"

"Ruwan ƙasa, Baba."

"Ba fari ba?"

"A'a."

"To, ba yunwar fetur ba ce. Da ita ce da ya yi fari, da kuma kan fistin ya ƙone."

Ban kawo komai a raina ba game da tambayar. Ya ɗaga kan injin, ya zare silinda da kyar. Cikinta da aka gyara sumul kwana goma sha biyu da suka wuce ya yi zane-zane daga sama har ƙasa. Ya bi saman fistin da farcensa har ya sami 'yar kibiyar da ke jiki, ya ce tana kallon salansa, ba a juye ya sa shi ba. Amma gefen fistin ɗin, daidai saman ringi na farko, ya ɓalle. Ringin kansa ya karye gida uku.

Mai walda ya shigo yana goge hannu, ya leƙa, ya ce, "Kayan yanzu ne, Mai Kunne. Jabu ya cika kasuwa. Ka mayar musu da tsiyarsu kawai."

Na ji kamar in rungume shi. Baba bai ko ɗago ba. Ya ɗauki gutsattsarin ringin guda biyu, ya shafa bakunansu da babban yatsa, ya ba mai walda.

"Taɓa nan. Ka ji santsi? Bakunan sun haɗu sun goga juna. Ringi idan ya ji wuta miƙewa yake yi, shi ya sa ake gurza bakinsa da magagari a bar masa tazara. In tazarar ta yi kaɗan, ya miƙe bai sami wuri ba, sai ya turje ya fasa fistin. Ƙarfen nan mai kyau ne. Wanda ya auna ne bai auna daidai ba."

Mai walda ya ce ana kiransa a waje, ko da yake ni ban ji an kira shi ba.

Baba ya jawo aljihun tebur ya fito da geji. Ya baza harsunan, babban yatsansa ya tafi gindinsu yana lalube, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai sami komai ba, ya sake bi. Yatsan ya saba, shi ke nan. Nan ne na tuna da almakashina.

"Baba, zaren nan da ke jiki, na mene ne?"

Ya naɗe harsunan gejin ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara shida ke nan ba na ganin lambobin. Innarku ce ke karanta mini. In na ce ba ni na ringi, ta zaɓa ta miƙo. Ba wanda ya sani, ko mai walda, wancan sarkin surutun. Da ciwo ya kwantar da ita, ta ce in kawo mata gejin gida. A kan gado ta ɗaura. Ƙulli ɗaya na bawul ɗin shan mai, biyu na bawul ɗin hayaƙi, uku na ringi."

"Ni na yanke."

"Na sani. Na ga kin wanke shi tas."

"Me ya hana ka faɗa mini? Ai da na karanta maka."

"Na ce ko yatsana zai gane kaurin da kansa. Shekara arba'in fa." Ya juya gejin a hannunsa. "Kuma in na ce ki karanta mini, to Innarku ta tafi ke nan."

Ban yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Haushin kaina na ji, mai nauyi, irin wanda ba ya fita ta ido. Garin neman gira na rasa masa ido, na kuma tsaya ina jiran a yi mini sannu da aiki. Abu na ƙarshe da hannun Inna ya yi a duniya, ni na share shi na zuba a kwandon shara tare da tsummoki.

Na ce, "To ai ba hannunka ba ne, nawa ne."

"Ni na auna, Uwata."

"Da gejin da na lalata. In rufewa za a yi, kekena za a rufe, ba garejinka ba."

Ya tattara gutsattsarin ringin ya zuba a wani gwangwani. Abincin da na kawo yana nan a kula ba a buɗe ba. A waje mai walda ya ci gaba da aikinsa, hasken yana shigowa ta ƙofa yana fita.

Kullum akwai allura da zare a gefen mayafina, ciwon sana'a ne. Na zare zaren, na ninka shi biyu, na ɗauki gejin daga kan buhu. Lambobin suna nan ƙanana, ni ina ganinsu sarai.

"Wace lamba ce ta ringin wannan injin?"

Ya faɗa. Na nemo harshen, na zagaya zaren a gindinsa, na yi ƙulli uku, na datse da haƙori, na miƙa masa. Ya rufe ido kamar yadda yake yi in yana sauraron inji, ya bi ƙullin da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ya daɗe yana shafawa.

"Nata sun fi naki ƙanana," ya ce.

Sannan ya matsar da silindar gefe, ya ce in gyara zama, bencin yana da ƙafa ɗaya gajeruwa, saura na bawul guda biyu ban ɗaura ba.