Tela Mai Rabo da Injin Karta

A Bukan Sidi, in ka ce kana neman Abdulsalami, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma ka ce Tela Mai Rabo, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka shagon. Shekara talatin da huɗu ya yi yana taka keken ɗinki a nan bakin hanya, sai dai ba ɗinkin ne ya yi masa suna ba, don ɗinkinsa ba yabo ba fallasa. Karta ce ta yi masa suna, shi da bai taɓa buga ta ba.

Kullum bayan la'asar dattawa huɗu kan taru a gindin mangwaron da ke gaban shagon su buga kartar wot. Ba a sa ko sisi. Wanda ya zo na ƙarshe shi ke ɗaukar benci ya mayar ciki ana yi masa dariya. Doka guda ce a wurin: mai cakuɗa karta ba ya wasa. An kafa ta shekara ashirin da biyu da suka wuce, ranar da Tyav mai sayar da doya ya ce Ya'akubu direba ya ɓoye wa kansa karta mai kyau a ƙasan rabo. Wata uku mutanen nan biyu ba sa ga-maciji. Da aka sasanta su, sai aka rasa hannun da kowa zai yarda da shi, har idanu suka faɗa kan telan da ke leƙensu ta taga. Ya'akubu ya ce bakin tela dai abin tsoro ne, musamman dab da Sallah, amma hannunsa ba ya ƙarya.

Tun daga ranar Abdulsalami ke cakuɗawa yana rabawa. In ya raba kartar gida biyu ya sake su suka shige juna, sai ka ji firrr, kamar ana keta sabon yadi. Ba a fara wasa sai ya zauna. Bayan rasuwar matarsa Batulu, wannan gindin mangwaro ne kaɗai ya rage masa a duniya inda ake jiransa, ana duba agogo in ya makara.

Sai hannunsa na dama ya soma rawa. Zare ne ya fara ƙin shiga allura, daga baya almakashi ya ci gefen shaddar wani. Ya rufe keke ya ce wa mutane ido ne, don ciwon ido ba abin kunya ba ne, kowane tsoho da tabarau a aljihu. Amma ya san abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Kartar ma ta soma zame masa. Ya koyi dafa gwiwar hannu a cinya, ya koyi sakin hannun riga ya rufe wuyan hannu, ya bar firrr ɗin nan ya koma cakuɗa a hankali yana cewa kartar ce ta tsufa. Kullum da ladan ya kira la'asar sai gabansa ya faɗi. Ranar da suka gane, za su ce cikin ladabi, "Tela, ka huta," su miƙa wa wani. Wanda aka ce ya huta kuwa, in bai zo ba gobe, ba mai duba agogo.

Abu guda ya rufa masa asiri. Tun daminar bara Tyav ya ɗauki wata ɗabi'a mai ban haushi: da an miƙa wa Tela karta, sai ya ɓarke da labarin gonarsa ta Obi, da biran da ke tone masa doya, da yadda ya bi wani biri da gudu har takalminsa ya tsinke. Labari guda ne, an ji shi ya fi sau ɗari, amma sai kowa ya juya yana kallon Tyav yana dariya. Abdulsalami kan yi tsaki a zuci, ya ce tsufa ya fara taɓa mutumin nan, sannan ya yi sauri ya gama cakuɗarsa kafin a juyo.

'Yarsa Juwairiya, mai aikin jinya a Shabu, ita kaɗai ta sani. Ita ta kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyi aka ce rawar za ta ragu amma ba za ta tafi ba. Wata Asabar ta zo ta same shi a tsakar gida yana tsince karta daga ƙasa, sai ta zauna kusa da shi ta buɗe waya.

"Baba, duba nan. Akwai inji mai yin aikin nan. Wannan na batir ne, maɓalli kawai za ka danna."

Ya daɗe yana kallo. "Wanda ake dannawa, ai ko Tyav zai danna. To ni me ya rage mini?"

Ta nuna masa wani, ɗan akwatin roba baƙi mai hannu a gefe. A zuba rabin karta a dama, rabi a hagu, a juya hannun, sai wasu ƙananan tayoyin roba su riƙa jan kartar ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakiya. Idon tsoho ya tsaya a kan hannun nan. Da keken hannu ya koyi ɗinki yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma ya lura rawar takan lafa in ya riƙe abu yana juyawa. Ya sa ta auna faɗin kartar wot da tsohon tef ɗinsa, sau biyu, don kada a kawo abin da ba zai ɗauka ba. Sannan ya ce a kawo.

Kwana shida ya yi yana zullumi kafin kayan ya iso tasha. Ya gwada shi a ɗaki, ƙofa a rufe. Kartar ta shige tsaf, ta fito a cakuɗe, har ya ji ƙwalla ta taho masa. Sai dai injin yana kuka, ƙarr-ƙarr, kuma kunnen tela ba ya jure wannan. A wurinsa duk injin da ke kuka ƙishirwa yake ji. Ran da zai fito da shi, da hantsi, ya ɗauko 'yar kwalbar man keke ya bi hannun da ɗigo, ya bi haƙoran ciki, ya bi tayoyin robar nan ɗaya bayan ɗaya. Ya juya shi ba karta a ciki, bai ji ko ƙis ba. Ya yi murmushi ya nannaɗe shi a ƙyalle.

Da la'asar ya ajiye shi a kan teburi.

"Tela, wannan fa? Injin taliya ka kawo mana?" in ji Ya'akubu.

"Zamani ne," ya ce. "Yarinyar nan ce ta matsa mini."

Ya zuba kartar dama da hagu, ya kama hannun ya juya. Hannun ya juya lafiya lau, kartar kuwa ko motsi. Ya ƙara sauri. Tayoyin da ya shayar da mai sai sulɓi suke a ƙarƙashin kartar, ba abin da suke kamawa. Karta guda ta lallaɓa ta shige, ta fito da tabon mai a bayanta, tabon da kowa zai gane ta da shi daga nesa. Gumi ya keto masa. Ya danna kartar da yatsa ya sake juyawa, ya sake, har teburin na girgiza.

"Bar shi, Tela," in ji Ya'akubu a hankali. "Yi mana da hannu."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ya kwaso kartar, ga santsin mai a yatsu, ga tsoro, hannun kuwa ya tashi da rawar da bai taɓa yin irinta ba. Ya raba gida biyu, sai duk suka tarwatse, wasu a cinyarsa, wasu a ƙasa cikin ganyen mangwaro. Hannun ya tsaya a fili yana karkarwa, ya rasa inda zai sa shi. Ya sunkuyar da kai yana jiran a ce masa ya huta.

Sai ya ji Tyav ya gyara murya. "Kai, na gaya muku wannan biri na Obi? Shi babban nan, mace ne ma, ya zo da yaransa..."

Abdulsalami ya ɗago. Sauran ukun duk sun juya suna kallon Tyav, ba wanda ko ya saci kallon teburin. Ya'akubu na dariya tun ba a zo wurin dariyar ba, yana tura karta guda da ƙafa a hankali zuwa inda Tela zai iya kai hannu. A nan ya tuna lokacin da labarin birin nan ya fara, ya tuna kuma ba a taɓa ba da shi ba sai karta tana hannunsa. Kunya ta rufe shi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Tyav ya sosa ƙeya. "Tun damina na bara. Ni ma labarin nan ya ishe ni, wallahi. Biri ɗaya ne kawai, Tela, kuma ban ma kama shi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Tyav ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya tsince kartar ɗaya bayan ɗaya, ya goge mai tabon a rigarsa, ya haɗa su ya ɗora a tafin hannun da ke rawa.

"Mu ba inji muka yarda da shi ba. Raba mana, magariba na zuwa."

Abdulsalami ya ture akwatin gefe. Ya baza kartar a kan teburi ya soma juya su da tafukansa biyu, kamar mai shanya gyaɗa. Tyav ya buɗe baki zai koma kan birinsa.

"Bar birin nan ya huta, Tyav," in ji Tela. "Ku juyo ku kalli hannuna, kada gobe wani ya ce an yi masa ha'inci."